Kun Tambaya, Mun Amsa: Tarihin Gandun Rake na Sergipe do Conde da Injinsa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina koyar da tarihi a wata makarantar sakandare, kuma duk shekara idan muka zo babin cinikin bayi, sai in ga ilimin ɗalibaina ya tsaya a bakin teku. Sun san an kama mutane an loda su a jiragen ruwa, amma ba su san aikin da aka kai su yi ba. Ina roƙon Malam ya ɗauki gandu guda na zamanin mulkin mallaka a nahiyar Amurka, ya ba mu tarihinsa tun daga kafuwarsa, ya kuma bayyana mana yadda injin matse rakensa yake aiki. Allah ya ƙara basira.
Daga wata malamar makaranta

AMSA: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya saka da alheri. Gandun da zan ɗauka shi ne Sergipe do Conde, wanda ke ƙasar Brazil, a yankin Bahiya, kusa da garin Santo Amaro na yanzu. Na zaɓe shi ne saboda masu shi sun daɗe suna rubuta lissafin shiga da fita, sun kuma shafe shekaru suna shari'a a kansa, shi ya sa takardunsa suka fi na yawancin gandayen zamaninsa yawa, har wani masanin tarihi Ba'amurke, Stuart Schwartz, ya dogara da su ƙwarai a littafin da ya fitar a 1985 kan gandayen rake na Bahiya.

Turawan Fotugal sun kafa birnin Salvador a 1549, a bakin wani babban lungun teku, kuma shi ne ya zama hedikwatar mulkinsu a Brazil har zuwa 1763. Ƙasar da ta kewaye wannan lungu, wadda suke kira Recôncavo, tana da baƙar laka mai danƙo da rake yake so, ga koguna masu gangarowa cikin teku, ga kuma daji mai itace. Waɗannan abubuwa uku, wato laka da ruwa da itace, su ne suka sa aka kafa gandun a inda aka kafa shi, domin kogi yana juya inji, yana kuma ɗaukar kwalekwalen da ke kawo rake da itace su koma da sukari zuwa tashar jiragen ruwa ta Salvador.

Wanda ya kafa gandun shi ne Mem de Sá, gwamna na uku da sarkin Fotugal ya naɗa wa Brazil, wanda ya yi mulki daga 1558 zuwa rasuwarsa a 1572. Shi ne ya jagoranci yaƙe-yaƙen da suka kori 'yan asalin ƙasar daga yankin, kuma da yake doka ba ta yarda gwamna ya yanka wa kansa fili ba, sai aka ba wani amininsa filin, shi kuma ya mayar da shi ga iyalin gwamnan. Da ya rasu ɗansa Francisco ya gaje shi, amma bai daɗe ba shi ma ya bi mahaifinsa, dukiyar ta koma hannun 'yarsa Filipa de Sá, wadda ta auri Fernando de Noronha, mai riƙe da sarautar Conde ta Linhares a Fotugal. Daga wannan sarauta gandun ya samu rabin sunansa, ɗaya rabin kuma sunan kogin da yake bakinsa ne, kada a haɗa shi da jihar Sergipe ta yanzu, wadda ke can arewa da Bahiya. Filipa da mijinta suna zaune a Fotugal, wakilai ne ke tafiyar musu da gandun suna aika musu riba.

Filipa ta rasu a 1618 ba ta bar ɗa ba, ta yi wasiyya da dukiyarta ga kwalejin Santo Antão da ke Lisbon, ta limaman Kirista 'yan ɗariƙar Jesuwit. Sai dai mahaifinta ya riga ya rubuta a tasa wasiyyar cewa idan 'ya'yansa suka mutu ba magaji, a raba abin da ya bari a Brazil tsakanin kwalejin 'yan wannan ɗariƙa da ke Salvador, da ƙungiyar jinƙai ta birnin mai kula da asibiti, da kuma matalauta. Wasiyyoyin biyu suka ci karo, aka shiga shari'ar da ta ci kimanin shekara arba'in, wadda a cikinta 'yan ɗariƙa ɗaya, na Lisbon da na Salvador, suka yi ta ja-in-ja da juna a kan gona da bayi. A ƙarshe gandun ya tabbata a hannun ɗariƙar, har zuwa 1759 lokacin da babban wazirin Fotugal, wanda aka fi sani da Pombal, ya kore su daga duk ƙasashen da ke ƙarƙashin sarkinsa, gwamnati ta ƙwace gandun ta sayar wa masu kuɗi.

Abin da ya kamata ɗalibanki su fara riƙewa, Malama, shi ne cewa ba da bayin Afirka aka fara wannan aiki ba. A ƙidayar da aka yi wa dukiyar Mem de Sá a 1572, gandun yana da manyan bayi kusan 280, amma 'yan Afirka a cikinsu ba su wuce 20 ba, sauran duk 'yan asalin ƙasar ne da aka kamo a yaƙi. Zuwa 1591 'yan Afirka sun haura kashi ɗaya cikin uku, zuwa 1638 kuwa duk bayin gandun 'yan Afirka ne ko 'ya'yansu. Dalilan wannan sauyi a bayyane suke. Annobar agana da ta ɓarke a 1562 da 1563 ta kashe dubban 'yan asalin ƙasar, waɗanda suka tsira kuma suna iya gudu su koma dajin da suka sani, sannan dokar da sarkin Fotugal ya kafa a 1570 ta taƙaita hanyoyin bautar da su. Mutumin da aka ɗauko daga hayin teku kuwa ba shi da dajin da ya sani, ba shi da dangin da zai fake wurinsu, kuma Turawan Fotugal sun riga sun saba da sa 'yan Afirka aikin rake a tsibiran Madeira da São Tomé.

Yanzu sai mu zo kan injin, wanda a ganina shi ne mabuɗin fahimtar komai. Rake yana da wata ɗabi'a da hatsi ba shi da ita, domin da zarar an sare shi, idan ya kwana biyu ba a matse ba, ruwansa yakan fara tsami, zaƙin ya ragu. Don haka ba a sara a tara a rumbu, dole abin da aka sara yau ya shiga inji yau ko gobe, ruwan da aka matse kuma ya shiga tukunya nan take. Wannan gaggawa ita ce ta tsara rayuwar kowa a gandun. Kakar rake a Bahiya takan fara wajen watan Agusta ta kai Mayu, kusan wata tara ke nan, kuma a tsawon wannan lokaci injin yakan yi awa 18 zuwa 20 yana juyi a kowace rana, a tashe shi da la'asar ya kwana yana aiki sai da hantsi a tsayar don wanke-wanke da gyara. Mutanen da suka yini a gona su ne kuma ake karkasawa su yi kwanan inji ta hanyar karɓa-karɓa. Saboda haka na fi ganin a kira irin wannan wuri masana'anta mai gona a gefenta, maimakon gona mai inji a cikinta.

A gona aiki na ƙa'ida ne, an ƙayyade wa kowa abin da zai cika. Namiji yana sara, mace tana binsa tana ɗaurewa, kuma abin da aka ɗora wa su biyun a yini shi ne dami 350, kowane dami sanda 12, wato sanda 4,200. Amalanken shanu da kwalekwale suke kwasowa zuwa inji, kuma abin da babban inji yake cinyewa a rana ɗaya ana ƙiyasta shi da amalanke 24.

Shi kansa injin, wanda ya taɓa ganin yadda doki ke zagayawa yana juya injin mazarƙwaila ya ga ƙaramin ɗan'uwansa. Da farko ana amfani da dutsen niƙa da wasu gumagumai biyu a kwance, amma wajen 1610 sai wani sabon salo ya shigo Brazil, na gumagumai uku a tsaye, an yi musu ɗamara da ƙarfe, na tsakiya yana juya na gefe biyu ta hanyar haƙora. Ana cusa rake ta tsakanin na farko da na tsakiya, wanda ke ɗaya ɓangaren ya karɓa ya mayar da shi ta tsakanin na tsakiya da na uku, har sai ya zama tuƙa. Wannan salo ya fi arha, ya kuma fi matse ruwa, shi ya sa injuna suka yawaita, daga kimanin 60 a duk Brazil a 1570 zuwa kusan 350 a 1629. Ƙananan injuna shanu ko dawaki ke juya su, amma na Sergipe ruwa ne ke juya shi, ana jawo shi ta magudana ya zubo kan wani babban wili na katako, kuma irin wannan inji shi ne ake ɗauka sarkin injuna saboda ƙarfinsa da tsadar gina shi.

Mata ne suka fi yin aikin bakin inji, bakwai ko takwas a kowane zubi, wasu suna miƙo rake, wasu suna cusawa, wata tana kwashe tuƙa, wata tana kula da fitilu. Haɗarin yana wurin mai cusawa, domin idan gyangyaɗi ya ɗauke ta a tsakar dare yatsunta suka shiga tsakanin gumaguman, injin ruwa ba ya tsayawa nan take ko da an datse ruwan, sai ya ja hannu ya ja jiki. Maganin da masu gandu suka tanada shi ne ajiye adda ko gatari a kusa, don a datse hannun kafin injin ya haɗiye mutum. Idan za ki zaɓi abu ɗaya da za ki gaya wa ɗalibai game da lissafin da ke cikin zukatan masu waɗannan gandaye, to wannan addar ta isa.

Daga inji ruwan rake yakan bi ta kwararo zuwa ɗakin dahuwa, inda aka jera manyan tukwanen jan ƙarfe a kan tanderu. Ana zuba ruwan toka don dattin ya taso, a kwashe kumfa da manyan ludaya, a juye ruwan daga babbar tukunya zuwa ƙarama, yana ƙara kauri a kowane mataki. A ƙarƙashin tukwanen akwai masu iza wuta dare da rana, kuma sau da yawa akan tura bayin da ake hukuntawa, wasu da sarƙa a ƙafa, da masu ciwon fata, wai zafin zai yi musu magani. Itacen da tanderu ke ci ya sa dazuzzukan yankin suka yi ta ja da baya, har sayen itace ya zama ɗaya daga manyan abubuwan da ke cin kuɗin gandu. Mutumin da ya fi kowa daraja a ɗakin nan shi ne shugaban dahuwa, wanda da ido da hanci da taɓawar yatsa yake gane lokacin da ya dace a sauke, kuma kuskurensa na ɗan lokaci kan lalata aikin yini guda. A farkon zamani Turawa ne masu albashi mai tsoka ke riƙe da wannan matsayi, daga baya sai ya koma hannun 'yantattun bayi, har ma da bayin kansu, abin da ke nuna cewa ƙwarewar sana'ar ta koma wurin waɗanda aka tilasta wa yin ta.

Idan an sauke, sai a zuba a mazubai na yumɓu masu faɗin baki da tsinin gindi, da 'yar huda a ƙasa, a jera su a wani dogon ɗaki. Maɗi yana ɗiga ta hudar, sannan a shafa jiƙaƙƙiyar laka a saman, ruwanta ya riƙa tsatsafowa ta cikin sukarin yana wanke shi, aikin da ke ɗaukar makonni. Idan aka kife mazubin, curin da ya fito ɓangarensa mai faɗi fari ne, tsakiyarsa ja-ja, tsininsa baƙi-baƙi, kuma kowanne da farashinsa. A shanya, a daddaka a cikin manyan akwatunan katako masu ɗaukar kusan rabin tan, a buga musu tambarin gandu, sai Lisbon. Maɗin da ya ɗiga kuma ba a zubar da shi, ana dafa barasa da shi, ana kuma shafa wa ganyen taba.

Wani abin da ya bambanta Brazil da tsibiran Karibiyan shi ne cewa mai inji ba shi ke noma duk raken da yake matsewa ba. Akwai manoman rake, yawancinsu Turawa masu 'yan bayinsu, waɗanda ke kawo rakensu a matse a raba sukarin biyu, rabi nasu rabi na mai inji, idan kuma filin na mai inji ne sai su ƙara masa kashi ɗaya cikin uku ko cikin huɗu daga nasu rabon. Gandun Sergipe ya daɗe yana dogara da irin waɗannan manoma, har yakan sayar da fili bisa sharaɗin cewa duk raken da aka noma a kai injinsa kaɗai za a kawo. Mai inji shi ke tsara ranar da za a matse raken kowa, kuma wanda aka jinkirta wa bayan ya sara, ya yi asarar shekararsa. Ta wannan hanya mai inji ya zama tamkar hakimin yankinsa ba tare da an naɗa shi ba.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Na ji an ce limaman Kirista sun mallaki gandayen bayi a Brazil. Shin gaskiya ne, kuma idan gaskiya ne, ba a samu wanda ya yi magana a cikinsu ba?
Daga wani ɗalibin jami'a

AMSA: Gaskiya ne ɗan'uwa, kuma amsar da ke sama ta riga ta ba ka misali. Hujjarsu ita ce kwalejoji da majami'u da aikin wa'azi suna buƙatar kuɗi, kuma a Brazil ta wancan zamani rake ne kuɗi. An samu waɗanda suka ƙi, domin a shekarun 1580 wasu limamai biyu na ɗariƙar Jesuwit a Bahiya, Miguel Garcia da Gonçalo Leite, sun soki yadda ake mallakar bayi, har da na gidan ɗariƙarsu, kuma abin da ya biyo baya shi ne aka mayar da su Turai. Waɗanda suka zo bayansu sun zaɓi hanyar gyara hali maimakon rushe tsarin. António Vieira, mashahurin mai wa'azinsu, ya tsaya a gaban bayin wani gandun rake na Bahiya a 1633 ya kamanta ɗakin dahuwa da wutar jahannama, amma nasihar da ya yi musu ta haƙuri ce da fatan sakamako a lahira.

Mafi amfani ga mai binciken tarihi shi ne wani limami ɗan Italiya, Giovanni Antonio Andreoni, wanda ya zauna 'yan kwanaki a Sergipe do Conde yana tambayar ma'aikata, ya rubuta littafi da sunan aro na Antonil, aka buga a Lisbon a 1711. Daga wurinsa aka samu yawancin bayanin aikin inji da na kawo, shi ne kuma ya ƙidaya injuna 146 a Bahiya a zamaninsa. Ya rubuta cewa bayi su ne hannuwa da ƙafafun mai gandu, ya kuma kawo maganar da ake yi a lokacin cewa abu uku bawa yake buƙata, sanda da abinci da tufa, yana kukan cewa iyayengiji sun fi sakin hannu da na farkon. Gwamnatin Fotugal ta sa an tattara littafin an lalata jim kaɗan bayan fitowarsa, amma ba don tausayin bayi ba, sai don ya bayyana hanyoyin zuwa ma'adinan zinariya. Ni dai hukuncina shi ne mutumin ya ga komai da idonsa, ya kwatanta shi da gaskiya, sannan ya ba masu gandu shawarar yadda za su ci riba.

Su bayin ba su jira wani ya yi magana a madadinsu ba. Akwai wani gandu mai suna Santana a yankin Ilhéus, kudu da Salvador, wanda shi ma na Mem de Sá ne, ya bi hanyar gado ɗaya da Sergipe har zuwa hannun ɗariƙar, aka sayar da shi bayan 1759. A 1789 bayinsa suka kashe mai duba aiki, suka kwashe kayan inji suka shiga daji, aiki ya tsaya kusan shekara biyu. Daga can suka aika wa ubangijinsu, Manuel da Silva Ferreira, takardar sharuɗɗan sulhu, wadda har yanzu tana nan. Sun nemi a bar musu Juma'a da Asabar su yi aikin kansu, a ba su taru da kwalekwale, a bar su su yi gayauna inda suka ga dama, a rage yawan aikin da aka ƙayyade, a ƙara mata a bakin inji, kada a naɗa mai duba aiki sai da yardarsu, kuma a bar su su yi wasa da waƙa ba sai sun nemi izini ba. Akwai kuma sharaɗin da ba shi da daɗin ji, domin masu takardar cucanawa ne haifaffun Brazil, sai suka ce wasu ayyuka masu wuya a tura sababbin zuwa daga Afirka su yi. Ubangijin ya nuna kamar ya yarda, da suka fito sai ya sa aka kama jagoransu Gregório Luís da wasu mutum goma sha biyar, aka kulle jagoran a kurkukun Salvador, sauran aka tura a sayar da su a wani yanki mai nisa.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe Malam, shin akwai Hausawa a cikin waɗanda suka yi bauta a irin waɗannan gandaye, ko kuwa labari ne kawai ake yi?
Daga wani mai karatu

AMSA: Akwai su, Malam, kuma takardun gwamnatin Bahiya sun ambace su da sunan ƙabilarsu, sai dai a kula da zamani don kada a haɗa abin da bai haɗu ba. A lokacin da ɗariƙar Jesuwit ke riƙe da Sergipe do Conde, bayin Bahiya sun fi fitowa daga Angola da Kongo, daga baya kuma daga gaɓar Dahomey. Hausawa sun fara isa da yawa ne a farkon ƙarni na 19, kusan shekara hamsin bayan an kori ɗariƙar, kuma abubuwa biyu ne suka haɗu suka jawo haka, ɗaya a can ɗaya a nan.

A can, sukarin Bahiya ya daɗe yana fama da kasuwa tun daga lokacin da Ingila da Faransa suka buɗe nasu gandayen a Barbados da Jamaika da sauran tsibirai, sannan gano zinariya a yankin Minas Gerais na Brazil a shekarun 1690 ya tsadar da bayi. Amma a 1791 bayin Saint-Domingue, wadda ta zama Haiti, suka yi tawaye suka rushe gandayen ƙasar da ta fi kowace fitar da sukari a duniya, farashi ya tashi, masu gandun Bahiya suka faɗaɗa noma suka shiga neman hannaye ido rufe. A nan kuma jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya fara a 1804, kuma yaƙe-yaƙen da suka biyo baya sun samar da kamammu daga ɓangarorin biyu, waɗanda fatake suka gangara da su ta Nufe da ƙasar Yarbawa zuwa tashoshin Ikko da Badagiri da Porto-Novo da Wida. Abin da 'yan kasuwar Bahiya suke biya da shi a waɗannan tashoshi shi ne taba da aka shafe da maɗi, wadda ake matuƙar so a gaɓar, wato abin da ya ɗiga daga mazuban sukari shi ne ya koma ya sayo waɗanda za su cika mazuban.

Da yawa daga waɗannan mutane mayaƙa ne, wasu kuma masu karatu, kuma ba su daɗe ba suka nuna hakan. A Mayun 1807 gwamnan Bahiya ya bankaɗo wani shiri na Hausawa a Salvador, wanda ya haɗa da ƙwace jiragen ruwa, aka kama wasu daga jagororinsa aka hukunta su. A Janairun 1809 aka yi wani tashin a kusa da Nazaré, yankin da ke noma rogon da gandaye ke ci. A Fabrairun 1814 wasu ɗaruruwa, mafi yawansu Hausawa, suka ƙone wuraren kamun kifi a arewacin birnin suka nufi yankin gandaye, sojoji suka tare su a bakin kogin Joanes, kuma takardun shari'ar sun kira jagoransu da laƙabin da ke nuna malami ne. A Fabrairun 1816 kuwa wutar ta kama a Santo Amaro da São Francisco do Conde, wato ƙasar da gandun Sergipe yake, inda bayi suka yi kwanaki suna ƙona gandaye, har masu gandu suka taru suna neman a tsige gwamna saboda a ganinsu ya cika sassauci.

Tawayen da ya fi shahara, na Musulmin Salvador a daren 24 zuwa 25 ga Janairun 1835, cikin watan azumi, Yarbawa ne suka fi yawa a cikinsa, Hausawa kaɗan ne, ko da yake an kama wani malami Bahaushe 'yantacce mai sayar da taba, Elesbão do Carmo, wanda ake kira Dandará, bisa zargin yana karantar da mutane. 'Yan sanda sun kwashe alluna da layu da takardu masu rubutun Larabci, kuma wani bawa Bahaushe aka kira ya karanta musu. Masu tawayen sun yi niyyar fita daga birni su haɗu da bayin gandayen Recôncavo, amma mahaya suka tare su a hanya. Bayan wannan, a ƙarshen shekarun 1840, ƙaramin jakadan Faransa a Bahiya, Francis de Castelnau, ya zauna da wasu Hausawa yana tambayarsu garuruwansu da hanyoyin da aka bi da su, ya buga abin da suka gaya masa a 1851, kuma a ciki akwai sunayen Kano da Katsina da Zazzau.

Shigo da bayi Brazil ya tsaya ne bayan dokar 1850, bautar kanta kuma aka soke ta ranar 13 ga Mayun 1888, Brazil ce ta ƙarshe a nahiyar Amurka. Kafin lokacin tsofaffin gandayen Bahiya sun riga sun raunana, domin Kyuba ta sha gabansu da manyan injunan tururi, Turai ta koma tatsar sukari daga saiwar wata shuka da take nomawa a gida, masu gonakin kofi na kudancin Brazil kuma sun saye bayi da yawa daga hannunsu. Injin tururi ya shigo Bahiya tun 1815, amma yawancin masu gandu sun ci gaba da ruwa da shanu, har manyan masana'antun sukari na ƙarshen ƙarnin suka zo suka mayar da su masu kawo rake kawai, irin matsayin da su da kansu suka daɗe suna ajiye ƙananan manoma a kai.